Durƙuson Maiwada

Shekara biyu da samun mulkin kai, ana tsakiyar matsar rake a Nasarawan Doya, Baffa Jumare ya yanke maganar da ta hana Maiwada cin tuwo ranar. Ya ce da zarar an sauke kaskon ƙarshe na mazarƙwailar bana, za a ɗora Maiwada a jaki a kai shi Janfalan wurin ƙanwarsa Zulai, can zai ci gaba da zama. Ba da mugunta ya faɗa ba. Baffa Jumare ƙanin mahaifinsu ne, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar wansa, kuma irin dattawan nan ne da in sun auna abu sun ga ba ya yiwuwa, sai su faɗe shi a zaure gaban kowa don kada a dawo musu da shi.

Maiwada ya ba talatin baya. An sha wuya wajen haihuwarsa, bai yi kuka ba sai da ungozoma ta fara fid da rai, kuma tun daga nan jikinsa bai taɓa yi masa biyayya yadda ya kamata ba. In aka ɗaga shi tsaye sai ƙafafunsa su sandare su harɗe kamar almakashi. Hannun hagu yawanci a dunƙule yake. Magana tana fitowa, amma sai ka yi haƙuri, mutanenmu kuwa haƙurin sauraro bai dame su ba. Kafin ya kai rabin zance wani ya ƙarasa masa, kuma sau da yawa ba abin da yake nufi ba ke nan. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce shan-inna. An sha rubutu, an yi turare, har wani maɗori ya taɓa ɗaure masa ƙafafu da karare wai su miƙe, bai bar shi da komai ba sai tabo. Kansa dai garau yake. Duk abin da aka tattauna a zauren nan yana riƙe da shi, har wanda masu maganar suka manta.

Ƙaninsa Inuwa shi ne ƙafafunsa. Tun da Inuwa ya yi ƙarfin ɗaukar buhun dawa yake goya yayansa zuwa bayan gida da zaure da masallaci da fadama. In suka gamu da dattijo a hanya, Inuwa ya durƙusa da shi a baya, durƙuso ɗaya ya ishi mutum biyu. To, ga shi yanzu an samo wa Inuwa aiki a masaƙa a Kaduna, irin aikin da samarin ƙauye ke mafarki. Mahaifiyarsu Hajo ta tsufa, tulun ruwa ma sai ta huta a hanya. Wa zai riƙa ɗaukarsa? Tambayar Baffa ke nan, kuma tambaya ce ta gaskiya.

Maiwada ya san Janfalan. An taɓa kai shi suna can, ya yi kwanaki a kwance cikin wani ɗaki na ƙurya yana kallon jinka, muryar maza tana zuwa masa daga zaure can nesa. Zulai tana ƙaunarsa, babu shakka, amma a gidan miji take, kuma ƙato ba shi da wurin zama a gidan surukai sai inda aka ajiye shi. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, don ya san in ya shiga ɗakin nan ba zai ƙara fitowa ba sai a makara.

"Baffa," ya ce, wuyansa yana karkacewa don ƙoƙari. "In... na..."

"In ka je za ka saba," in ji Baffa.

"A'a. In na kai... kaina fa?"

"Ka kai kanka ina?"

"Bayan... gida. Da nan."

Baffa ya shafa gemu. Can ya ce, "To. In ka fito daga ɗakinka da ƙafarka, ka kai kanka bayan gida, ka zo zauren nan ka koma, ba wanda ya taɓa ka, wa ya isa ya fitar da kai daga gidan ubanka?" Ya faɗa ne yadda ake yi wa yaro alkawarin doki don a kashe maganar. Maiwada ya ji hakan a muryarsa sarai, amma ya riƙe.

A fadama suke da injin rake, irin na ƙarfe mai dogon itace a kai, wanda doki ke ja yana zagayawa. Kullum Inuwa ya kai Maiwada can sai ya zaunar da shi a bakin wani tsohon ramin murhu da aka daina amfani da shi, ƙafafunsa a cikin ramin, bayansa a jikin damman rake. Ba wata hikima ba ce, gudun kada ya mirgina ne. Daga nan Maiwada yake kora dokin da murya, kuma dokin ya fi mutane gane maganarsa.

Ranar da itacen injin ya tsage, aka kira Elias kafinta daga Makarfi, wanda mutanen ƙauye ke ce wa Iliya. Kirista ne daga kudancin lardi, mai surutu yana aiki, ƙusa a baki ma ba ta hana shi. Ya biyo ta gida da safe ya ga Maiwada kwance a zaure kan tabarma, an tattare shi da matasai, ya gantsare baya, haɓa sama. Da hantsi kuma ya same shi a bakin rami zaune daram, kai a miƙe, har yana nuna doki da hannun dama. Iliya ya ajiye zarto.

"Wannan ba shi na gani ɗazu a zaure ba?"

"Shi ne," in ji Inuwa. "Yayana ne."

"Malam Maiwada, a nan ka fi jin daɗin zama ko a gida?"

Inuwa ya buɗe baki zai amsa, Iliya ya ɗaga masa hannu. Suka jira. Doki ya zagayo, ya sake zagayowa.

"Nan," in ji Maiwada. "Ƙafata... tana taka... ƙasa."

Iliya ya ce matarsa Lucia ta yi aikin jinya a asibitin mishan kusa da Zariya kafin su dawo Makarfi, kuma ta ga irin wannan. Ranar kasuwar Kudan ta biyo da kwandonta ta shiga gidan. Ba ta zo da magani ba, abin da ya ɗan sa Hajo ta raina zuwan nata. Ta ce a yadda ta ji daga likita, ba ƙafar ce ta lalace ba, wurin da ke aika wa ƙafa saƙo ne a cikin kai ya sami rauni ranar haihuwa. Ba ya warkewa, amma jiki yana koyon dabara ko da mutum ya girma. Ta sa Inuwa ya ɗaga yayansa yadda ya saba. Inuwa ya kama hannuwansa biyu ya ja, nan take Maiwada ya sandare.

"Ka gani? In ka ja shi, jikinsa ja da baya yake yi," in ji ta. "Lanƙwasa masa gwiwa. Tafin ƙafa a ƙasa. Malam, sunkuyo da kai gaba, hancinka ya wuce gwiwarka. Kada ka yi sauri, ba wanda ke korarka." Ta juya wajen Hajo. "Inna, matasan nan kuma a rage su. Laushi ba ya riƙe shi. Kuma in yana ƙoƙari a daina yi masa ihu, ihun ne ke ƙara ɗaure shi."

Hajo ta ce to, amma ranta bai so ba. Shekara talatin tana ɗinka matasan nan.

Iliya ya yi abu biyu. Na farko wata 'yar gajeriyar kujera ce mai majingina, da wani guntun itace a tsakiya wanda ke hana gwiwoyi haɗewa. Na biyu wani abu ne mai ƙafa huɗu da gwangwala, tsayinsa daidai ƙugu, a buɗe ta baya, an naɗa masa tsohuwar tayar mota a ƙafafu don kada ya zame. Mutum ya tsaya a ciki ya riƙe, ya tura gaba, ya bi shi. Inuwa yana ganinsa ya ce, "Yaya, ai ga jakinka nan, sai dai ba ya cin dusa." Sunan ya bi shi ke nan.

Kada wani ya ce maka abin ya zo da sauƙi. Makon farko tsayuwa kawai Maiwada yake yi, gumi yana zuba kamar mai huɗa, yatsun ƙafa suna neman ɗagewa, shi yana danna dunduniya ƙasa. Hannun hagu sai an buɗe masa an ɗora a kan gwangwalar, daga baya ya gano in ya jingina shi ya sake nauyinsa a kai, da kansa yake buɗewa. Ya faɗi ya fasa leɓe. Ya faɗi ya ƙuje gwiwa. Hajo kuwa, da yake ɗan farinta ne, kunya ba ta barinta ta tsaya a kansa, ko sunansa ba ta faɗa. Sai ta ɗauki faifai ta zauna can gefe wai tana tsintar wake, waken da ba ya ƙarewa. Wata safiya kuma ta tara matan maƙwabta suka yi wa tsakar gida daɓe, tun daga ƙofar ɗakin Maiwada har bayan gida, har bakin zaure. Da aka tambaye ta, ta ce shanyar barkono za ta riƙa yi.

A kan daɓen nan ne, wata rana da hantsi, Maiwada ya tashi daga kujerarsa, ya tura jakinsa, ya shiga bayan gida inda Iliya ya kafa masa sanduna biyu na riƙewa, ya ja asabari ya rufe. Tun da aka haife shi bai taɓa shiga wurin nan shi kaɗai ba. Ya daɗe a ciki, ba don komai ba sai don daɗin kaɗaicin. Da ya fito idonsa ya yi ja, Inuwa ya tambaye shi ko lafiya, ya ce hayaƙin murhu ne.

Saura zaure. Ya zaɓi ranar da ya ji jikinsa ya sake, ya kama hanya, ƙwas, ya ja ƙafa, ƙwas, ya ja ƙafa. Ya ci fiye da rabi ke nan sai ga Baffa Jumare ya shigo daga zaure, suka yi kiciɓis.

Abin da ba wanda ya yi tunaninsa ke nan, daga Iliya har Lucia har shi kansa. Maiwada bai taɓa tsayawa a gaban Baffa ba. Kullum daga ƙasa yake gaishe shi, ko daga bayan Inuwa. Yau sai ya ga kansa ya ɗara na tsohon tsawo, yana kallon tsakiyar hularsa. Kunya ta rufe shi. Kafin ya yi wani tunani, tarbiyya ta riga shi, ya saki gwangwala zai durƙusa kamar kowane ɗan kirki. Gwiwa ɗaya ta lanƙwashe, ɗayar ta ƙi. Ya tafi gefe guda, jakin ya bi shi ya kife a kansa.

Gida ya ɗauki salati. "Sannu! Sannu! Ku ɗaga shi! Wayyo!" Duk gargaɗin Lucia ya bi iska. Kowace sannu sai ta ƙara sandarar da shi, har ya zama ko juyawa ba ya iya yi. Inuwa ya zo ya sunkuce shi ya mai da shi ɗaki, yadda aka saba.

Baffa ya tsaya yana kallon jakin a ƙasa. Ya tsorata ƙwarai. "Kun gani ko?" ya ce. "Yau a tsakar gida ne, da mutane. Ranar da ba kowa fa? Haka zai wuni a rana?" Ya ce wa Inuwa ya je ya gaya wa Ashafa mai jakai ya kwana da shiri, rake ya kusa ƙarewa.

Shawara kuwa ta yi yawa, kamar yadda takan yi in abu ya riga ya ɓaci. Inuwa ya ce, "Yaya, zamanin mulkin kai ne fa. A Kaduna an ce a tsaye ake gaisawa, har da ba da hannu." Iliya ya ce a roƙi tsohon ya ɗauke masa durƙuson. Hajo kuwa ta yafa mayafi ta sami Baffa, ta daɗe. Da la'asar Baffa ya leƙo ɗakin da kansa, Maiwada yana zaune a kujerarsa.

"Kai Maiwada, uwarka ta yi mini magana. In durƙuson ne, na yafe maka. Ka gaishe ni a tsaye, Allah ya ga uzurinka."

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Maiwada ya girgiza kai.

"A'a... Baffa."

"A'a me?"

Wannan karon ba wanda ya ƙarasa masa, don ba wanda ya san inda ya dosa. Ya ɗauki lokaci yana tattaro kalmomin.

"An yafe mini... noma. An yafe mini... aikin gayya. Aure ma... an yafe mini, ba a... tambaye ni ba." Ya haɗiye miyau. "Wannan kam... a bar mini. In kai ka yafe... liman fa? Mai unguwa fa? Kuma... gaskiyarka ne. In na faɗi... ba kowa... dole in san... yadda zan tashi."

Baffa ya dube shi daga bakin ƙofa. "Taurin kan ubanka ke gare ka," ya ce, ya fita. Bai janye maganar Ashafa ba.

Maiwada ya sa aka kira Iliya, ya nuna masa abin da yake so, wata gwangwala a gicciye can ƙasa, daidai gwiwa, wadda mai durƙuso zai iya kamawa. Iliya ya ƙara masa har da faɗaɗa ƙafafun jakin don kada ya sake kifewa. Lucia ta aiko da saƙo cewa ya fara a kan buhu, kuma kada ya yi gwajin sai da wani a kusa. Daga nan kullum da safe Maiwada yana bayan rumbu, inda ido bai cika kaiwa ba. Ya zame hannu daga gwangwalar sama zuwa ta ƙasa, ya sauke gwiwa ɗaya, ya sauke ɗayar. Sauka ba ta da wuya sosai. Tashin ne bala'i. Sai ya kama ta ƙasa, ya mai da hannun dama ta sama, ya jawo ƙafa ɗaya ya dasa tafinta, ya sunkuya, ya tura. Yawanci ƙafar ba ta jawuwa. Ya lura sai ya huta sosai a durƙushe, numfashinsa ya dawo, rawar cinyarsa ta lafa, sannan take yarda. In kuwa ya ji ido a kansa, ko ya yi gaggawa, to ranar ba tashi. Wata rana ya tashi, wata rana sai Inuwa ya zo. A gaban mutane kuwa bai taɓa gwadawa ba.

Rake ba ya jiran kowa. Aka sare na ƙarshe, aka matse, aka zuba mazarƙwaila a 'yan kwanoni ta daskare. Inuwa ya wanke rigarsa ta tafiya, gobe zai bi motar Makarfi zuwa Kaduna. Da sassafe Ashafa ya ɗaure jakinsa a ƙofar gida, ya shiga zaure suka zauna da Baffa. Hajo ta riga ta ɗaure kayan Maiwada a tsumma, ta ajiye a bayan ƙofa inda take zaton ba zai gani ba.

Ya gani. Ya tashi daga kujerarsa ya fara zuwa bayan gida, ya fito, sannan ya juya jakinsa ya nufi zaure. Inuwa ya taso zai bi shi, Hajo ta kama gefen rigarsa ta riƙe, ba ta ko dube shi ba.

Baffa yana zaune a kan buzu, Ashafa a gefensa, da wasu maƙwabta biyu da suka zo sallama. Suka ji ƙwas, ƙwas, hira ta tsaya. Maiwada ya shigo ya yi sallama, ya tsaya gaban buzun. Ya zame hannun dama zuwa gwangwalar ƙasa. Gwiwa ɗaya. Ya jira. Ɗayar ta yi gardama, sannan ta bi. Ga shi a durƙushe gaban baffansa, da kansa, kai a sunkuye.

"Baffa... ina kwana?"

"Lafiya lau."

"Ina... gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya... iyali?"

"Alhamdu lillahi. Ka tashi lafiya?"

"Lafiya... lau."

"Madalla."

Gaisuwa ta ƙare ke nan, abin da ya rage mai gaisuwa ya miƙe. Maiwada kuwa ya san ba yanzu ba. Cinyarsa tana kaɗawa har gwangwalar tana amsawa, numfashinsa sama-sama, ga idanu sun yi masa caa. Ya ji sandarewar tana hawowa daga dunduniya. Ya ce a ransa, shi ke nan, Janfalan.

Baffa Jumare mutum ne da ba ya jan gaisuwa. Ko mai unguwa ya san in ya ce madalla an gama. Ya dubi hannun da ke riƙe da gwangwala, ya dubi cinyar da ke rawa. Sai ya gyara zama.

"Yaya sanyin safiyar nan?"

Maiwada ya ɗago a ruɗe. "Da... sauƙi."

"To madalla. Yaya uwarka ta kwana?"

Matar da Baffa ya gani ɗazu a tsakar gida. "Lafiya... lau."

"Yaya ƙaninka? Yaya shirin tafiya?"

"Yana... yi."

"Allah ya taimaka. Yaya dokinka? An ce jiya ya ƙi cin harawa."

"Ya ci... daga baya."

"Af, to. Yaya su Iliya? Yaya mai ɗakinsa? Mutanen Makarfi duk lafiya?"

Haka ya yi ta yi, a hankali, yana jiran kowace amsa har ƙarshenta, bai ƙarasa masa ko ɗaya ba. Ya tambayi kaji. Ya tambayi rumbu ko gara ta taɓa shi. Maƙwabtan suka fara kallon juna, ɗaya ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Maiwada yana amsawa yana amsawa, sai ya ji numfashinsa ya sauka ciki. Rawar ta ragu. Ta tsaya. Sai a lokacin ya gane abin da tsohon yake yi.

Baffa ma ya ga rawar ta tsaya. Ya juya gaba ɗaya wajen ƙofa ya ce, "Kai Ashafa, wai jakin nan naka ɗingishi yake ko idona ne? Ku duba mini ƙafarsa ta baya." Ashafa ya ce wallahi lafiyarsa ƙalau, Baffa ya ce shi dai bai yarda ba. Duk suka juya suna leƙen jaki, aka shiga musu.

Ba mai kallonsa. Maiwada ya mai da hannun dama gwangwalar sama. Ya jawo ƙafar dama, ta zo. Ya dasa tafinta a ƙasa, ya sunkuya sosai, ya tura. Hannun hagu ya zame, ya sake ɗora shi. Ya tura. Ƙafar hagu ta biyo tana jan ƙasa, gwangwala ta yi ƙara kamar za ta karye, ba ta karye ba.

Da suka juyo yana tsaye.

Ashafa ya ce, "Ikon Allah!" Daga cikin gida aka ji Hajo ta saki wata ajiyar zuciya da ta kai har zaure, sai kuma ta hau faɗa da kaza don kada a ce wani abu. Shi kuwa Maiwada sanyi ne ya ratsa shi tun daga kai har ƙafa. Tsoron da ya kwana da shi ya tashi da shi tun farkon matsar rake, ya neme shi ya rasa. Bai san mutum yana iya jin sauƙi haka ba.

Baffa ya daɗe yana gyaran hula, hular da ba abin da ya same ta.

"Ashafa, tunda ka riga ka zo, akwai mazarƙwaila da za a kai kasuwar Kudan. Kada ka koma haka nan." Ya ɗaga kai ya dubi Maiwada. "Kai kuma gobe ka zo da wuri. Ba na son gaisuwar hantsi."

"To... Baffa."

"Saura komawa. Magana ta ce ka zo ka koma."

Maiwada ya juya jakinsa kaɗan-kaɗan har ya fuskanci cikin gida. A bakin ƙofa ya tarar da Inuwa, ya ƙwace daga hannun Hajo, fuska sharkaf da hawaye. Ya riga ya juya baya ya ɗan rusuna, hannuwa a buɗe, yadda ya saba yi kullum in an gama zaman zaure. Shi kansa bai san ya yi ba.

"Inuwa."

"Na'am, Yaya."

"Matsa... ka tare mini hanya."

Inuwa ya matsa.